Takardar Sa Hannu ta Ranar Laraba

Sunana Vernelle Tatum, shekarata sittin da bakwai, kuma ba mafarki na yi ba. Da wannan na fara saboda wata huɗu ke nan ana gaya mini mafarki na yi, har wasu a cocinmu sun soma yi mini kallon tsohuwar da kanta ya fara kwancewa. Kaina lafiyarsa ƙalau. Daga aji huɗu na bar makaranta na shiga gonar gyaɗa, rubutuna ba shi da kyau, amma kunnena da idona ba su taɓa yi mini ƙarya ba.

Shekara ashirin da shida nake aiki a kicin ɗin asibitin garinmu, nan kudancin jihar Jojiya ta Amurka. Larabar farko ta kowane wata, ƙarfe shida na safe, ni nake tura keken abinci zuwa ɗakin taro na hawa na uku, inda masu sa marasa lafiya barci don tiyata suke karatunsu. Akwai likitocin, akwai mataimakansu. Mataimakan ne suke zama a kan mara lafiya tun daga farkon tiyata har ƙarshe, shi likita yana da ɗaki uku ko huɗu, leƙowa yake yi ya fita. Dokar aikinsu ta ce duk shekara biyu sai sun nuna sun ƙara karatu na awa hamsin, in ba haka ba a karɓe takardar aikinsu. Taron Laraba awa ɗaya ne daga cikin hamsin ɗin. Shaidar zuwa kuwa takarda ce guda ɗaya da ake ajiyewa a kan teburina, tsakanin tukunyar kofi da tiren burodi da soyayyar kaza.

Kowa ya san yadda ake yi. Mutum ya shigo, ya sa hannu, ya cika kofinsa, ya tsaya jikin bango minti uku kamar mai saurare, sai ya duba wayarsa ya ɓata fuska ya sulale. Mutum talatin za su sa hannu, in an tashi ka ƙirga goma ka yi sa'a. Ni kaɗai ce ban taɓa fita ba, domin sai an watse nake kwashe kayana. Shekara ashirin da shida ina tsaye a baya ina jin karatun da ba wanda ya rubuta mini ko awa ɗaya.

Deandra Mobley ɗaya ce daga cikin mataimakan. 'Yar Lorene ce, aminiyata, wadda muka yi shekara talatin muna waƙa kafaɗa da kafaɗa a coci. Lorene ta rasu yarinyar tana da shekara goma sha tara. Ban haife ta ba, ban kuma taɓa haihuwa ba, amma duk Lahadi a teburina take cin abinci har ta gama karatu, da ta fara aiki ma ba ta daina ba. Ni na yi mata kitso ranar da aka ba ta takardar kammalawa. Ranar da na fara ganin ta da shuɗin kayan tiyata a asibitinmu sai da na shiga ɗakin sanyi na kicin na yi kuka don kada Earline, abokiyar aikina, ta gan ni ta yi mini tsiya.

A watan Maris asibiti ya sayi sababbin injinan sa barci. Kamfanin ya turo wani mutum mai jajayen kunnuwa, Mista Hargrove, ya zo ya koya musu a taron Laraba. Ran nan Deandra ta shigo da sauri, jaka a kafaɗa.

"Mama Vern, ina biro?"

"Ga shi nan a gabanki, makauniya. Yau ma guduwa za ki yi?"

"Ina da mara lafiya ƙarfe bakwai, ban ma haɗa allurai ba. Inji ai inji ne, Mama. Shekara tara ina wannan aiki."

"Shekara tara kina aiki, shekara tara kina satar kazata."

Ta yi dariya, ta sa hannu, ta sumbace ni a kumatu. Ni da hannuna na naɗe mata burodi biyu da cinyar kaza a takarda, na tura mata a aljihu, na ce ta bi ta ƙofar baya kada Likita Pruitt, shugabansu, ya gan ta. Wannan ma na rubuta shi, ba zan ɓoye nawa ba.

Mutum tara suka rage. Mista Hargrove ya jawo injin gaba ya ce akwai abu guda da yake so kowa ya tafi da shi gida. A tsohon inji, in kana so iskar barci ta shiga jikin mutum, murɗa maɓalli kawai za ka yi. A sabon, sai ka taɓa gilashin fuskar injin, ka murɗa, sannan ka danna. In ba ka danna ba, lambar za ta ɗan tsaya tana ƙyalli kamar ta karɓa, sai ta koma sifili, ba ƙara ba komai. Ya sa su faɗa tare da shi sau uku kamar 'yan firamare: a taɓa, a murɗa, a danna. Ya ce hannun da ya saba da tsohon shi ne abin tsoro, ba hannun sabon shiga ba.

Na koma kicin na ba Earline labari, abin ya zame mana wasa. In ta sa burodi a tanda sai in ce, "Kin danna?" Ita kuma in na fito daga banɗaki ta ce, "Vernelle, kin danna?"

A watan Mayu aka ce akwai tsakuwa a maɗaciyata, sai an cire. Ban taɓa kwanciya a gadon tiyata ba, tsoro ya kama ni. Na je wurin Likita Pruitt da kaina na ce a ba ni Deandra, ba na son kowa a kaina sai ita. Ya ce ba a cika yin haka ba, amma saboda ni ce zai yi.

Da safen ta zo ta riƙe hannuna.

"Tsohuwa, yau kin shigo hannuna. Duk zagin da kika yi mini yau zan rama."

"Ki rama ki gani, in na tashi ba ke ba kazata har abada."

"Rufe idonki, Mama. Kafin ki ƙirga goma kin tashi a wancan ɗakin kina neman kofi."

Na rufe. Barcin ya zo, gaskiya ne. Amma allurar farko ba ta daɗewa, iskar ce take riƙe mutum, wannan ma a taron Laraba na ji shi. Akwai kuma wata allura da ke kashe jiki don kada mutum ya motsa a ƙarƙashin wuƙa. Ita wannan ta yi aikinta sarai.

Na farka. Idona a manne da salatif, bututun roba a maƙogwarona, wani abu yana hura mini numfashi ba da izinina ba. Na ce bari in ɗaga yatsa. Yatsa ya ƙi. Na ji muryar mai fiɗa, Likita Sizemore, yana ba da labarin karen farautarsa mai suna Major, wai ya haɗiye safa an kai shi asibitin dabbobi. Wata ta yi dariya. Sai na ji sanyin ƙarfe a ƙasan cibiyata, sai na ji an huda. Ba zan bayyana ba. Na taɓa ƙonewa da tafasasshen mai tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu, wannan wasa ne. Suka hura mini ciki da iska, suka sake hudawa, suka sake. Ina ihu a cikin kaina ina kiran Lorene, ina kiran Yesu, ina kiran Deandra da take zaune dab da kunnena har ina jin ƙamshin man gashinta.

Wata murya ta ce, "Zuciyarta fa gudu take yi." Wani ya ce, "Duba hawaye." Sai na ji numfashin Deandra a kan goshina, ta faɗa a hankali, ba don kowa ya ji ba:

"Wayyo Yesu. Ban danna ba."

Na ji ɗan ƙarar maɓalli, ƙas. Duhu ya ɗauke ni.

Da na tashi a ɗakin hutawa ita na fara gani, tana gyara mini bargo. Muryata ba ta fita sosai, amma na ce mata, "Na ji komai."

Hannunta ya tsaya a kan bargon. Ta dube ni, na dube ta. Da a wannan lokacin ta faɗi a kaina ta ce Mama na yi kuskure, wallahi da ni zan rarrashe ta. Da na ce tashi, 'yar nan, hannu ne ya saba, ba wanda zai ji daga bakina.

Sai ta ce, "Mafarki ne, Mama. Maganin yana sa mutane haka."

"Karen Sizemore sunansa Major. Safa ya haɗiye."

"Wataƙila kafin ki yi barci kika ji."

"Kin ce ba ki danna ba."

"Huta, Mama Vern. Kin sha magani da yawa."

Ta fita. Ba ta sake shigowa ba har aka sallame ni. Lahadi ta zo, na dafa abinci da ɗinki a cikina, na ajiye faranti biyu. Ba ta zo ba. Ta turo saƙo wai aiki ya yi mata yawa.

Tun daga ranar ban iya kwanciya rigingine. A kujera nake barci. In aka rufe mini fuska da tawul a wurin gyaran gashi sai in fizge in tashi. Na daina waƙa, domin da na buɗe baki sai in ji robar nan a maƙogwarona.

Na kai ƙara ofishin da ke sauraron koken marasa lafiya. Bayan sati uku wata mata mai laushin murya, Misis Calloway, ta kira ni ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa a kofin takarda. Ta ce sun bincika, an bi ƙa'ida, kuma duk wanda ya taɓa ni ranar yana da cikakken horo a kan sabon injin. Ta juyo mini da wata takarda.

Takardar sa hannu ce ta kan teburina. Ta watan Maris. Ga sa hannun Deandra a layi na goma sha huɗu, ga kuma zoben kofi a gefe, inda ni kaina na ɗora kofi ya jiƙa ta.

Na ce, "Wannan yarinyar ba ta yi minti biyu a ɗakin nan ba. Ni na naɗe mata kaza ta tafi."

Ta ɗan gyara tabarau. "Misis Tatum, kina nufin kin san ana sa hannu ana tafiya, kuma shekara da shekaru ba ki gaya wa kowa ba?"

Ta ce za su haɗa ni da wani mai ba da shawara wanda ya ƙware a kan munanan mafarkai, kyauta. Na ajiye mata ruwanta na tashi.

Earline ta ce in bari. "Ke da su waye? Su da digiri, ke da cokali. Ki karɓi mai shawarar nan ki je ki riƙa shan shayinsa."

"Ba shayi nake so ba. So nake wani ya buɗe baki ya ce Vernelle, idonki biyu."

"To ki jira, sai ranar tashin matattu."

Na koma aiki a watan Yuli. Deandra in ta hango ni a baranda sai ta shige wani ɗaki. A taron Laraba ta koma aiko wata ta ɗebo mata kofi.

Larabar farko ta Satumba na tura kekena hawa na uku da wuri, sai ga mai jajayen kunnuwa yana jona injinsa a bango.

"A'a, Mista Hargrove, kai ne kuma? Ba ka koya musu a Maris ba?"

"Ni ne, Hajiyar kofi," in ji shi, ko da yake ba haka ya faɗa ba, wani suna ne na wasa da yake kirana da shi. "An ce in maimaita. An samu wata 'yar matsala a ɗakin tiyata na biyu a watan Mayu, suka kira mu muka zo muka zazzage musu abin da injin ya rubuta."

Na ajiye tiren a hankali. "Injin yana rubutu?"

"Komai. Duk abin da aka taɓa, da wanda ba a taɓa ba, da minti da daƙiƙa. Ba ya mantuwa. Tun satin da abin ya faru na ba su."

Ɗaki na biyu aka yi mini aiki. Tun satin. Wato ranar da matar nan take ba ni ruwa a kofin takarda tana maganar mafarki, takardar injin tana cikin gidan. Pruitt ya gani. Deandra ta gani.

Na dubi takardar sa hannu ta wannan rana, fara fes, ba ko suna ɗaya. Na ninke ta huɗu na tura a aljihun gaban rigar aikina.

Suka fara shigowa. Wani dogo, Tanner, ya zagaya teburin sau biyu.

"Mama Vern, ina takarda?"

"Tana nan."

"A ina?"

"A inda take. Nemi kujera."

"Haba Mama, ina da mara lafiya ƙarfe bakwai."

"Shi ya sa. Zauna."

Suka yi ta guna-guni, amma ƙarshen shekara ya matso, kowa yana neman awanninsa su cika, ba mai son ya rasa ko guda. Kujeru suka ƙare, wasu suka zauna a kan taga. Mutum talatin da biyu, na ƙirga. Mista Hargrove ya duba ɗakin ya ce bai taɓa ganin jama'a haka ba. Deandra tana can ƙurya, kanta a ƙasa. Da ya zo wurin a taɓa, a murɗa, a danna, ita kaɗai ce ba ta buɗe baki ba.

Da aka gama Likita Pruitt ya taso ya miƙo hannu. "Vernelle, ba ni takardar. Ba aikinki ba ne."

"Shekara ashirin da shida a kan teburina take kwana, Likita. Yau ka san ba aikina ba ce?"

Na fito da ita na shimfiɗa, na dafe da tafin hannu. Na ɗaga murya yadda nake ɗagawa a coci.

"Ni ce matsalar ɗaki na biyu. Ku dube ni da kyau, ku da kuke cin kazata. An yanka ni idona biyu. Wanda yake so ya sa hannu ya zo, amma ɗaya bayan ɗaya, ina kallon fuskarsa."

Suka yi layi. Wasu suka sa hannu ba su dube ni ba. Tanner ya ce, "Yi haƙuri, Mama, ban sani ba," na ce wuce. Deandra ce ta ƙarshe. Ta ɗauki biro, ta sunkuya kan takardar.

Na ce, "Dube ni, 'yar Lorene."

Ta ɗago. Ta rame, na ga wannan, kuma zuciyata ta motsa, ba zan yi ƙarya ba.

"Mafarki na yi?"

Leɓenta ya yi motsi. Sai da na matso da kunnena.

"Minti goma sha ɗaya ne, Mama."

"Ban ji ba. Faɗa su ji."

Ta waiwaya. Rabin mutanen ba su fita ba, suna tsaye a bakin ƙofa da kofuna a hannu. Ta buɗe baki, na ga maganar ta taho har maƙogwaronta. Sai Likita Pruitt ya dafa kafaɗarta ya ce, "Deandra, mara lafiyarki yana jira." Ta rufe bakin. Ta sa hannu da sauri, ta ajiye biro, ta bi shi. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Wannan ya fi mini wuƙar Sizemore ciwo. Wuƙar ba ta san ni ba.

Washegari shugabar kicin ta kira ni ta ce daga yau Earline ce za ta riƙa kai abinci hawa na uku, ni kuma na koma wurin wanke tukwane. Earline ta ce mini yanzu takardar a hannun sakatariyar Pruitt take, kuma ba a fito da ita sai ƙarfe bakwai saura minti biyar. Wai sabon tsari ne da shugabanni suka daɗe suna tunani. To, madalla da shugabanni.

Ni dai ba a ce mini komai ba har yau. A takardun asibiti har yanzu ni tsohuwa ce da ta yi mafarki.

Don haka na sayi wannan littafin rubutu, na zauna a teburin da yarinyar nan ta ci abinci shekara da shekaru, na yi kwana shida ina rubutawa. Zan aika wa hukumar da ke ba su takardar aiki a Atlanta, babban birnin jiharmu. Earline ta ce in na aika, Deandra na iya rasa aikinta, kuma me zan gaya wa Lorene in mun haɗu. Na ce zan gaya mata na ba 'yarta wata huɗu da faranti a ajiye duk Lahadi.

Ga abin da nake so ku yi, ku da za ku karanta. Ba sai kun yarda da ni ba. Ku nemi abin da injin ɗaki na biyu ya rubuta ranar sha huɗu ga Mayu da safe, Mista Hargrove ya ce ba ya mantuwa. Ku ƙirga daga lokacin da aka sa mini roba zuwa lokacin da aka danna. Idona a manne yake, ba agogo a gabana, ba wanda ya taɓa nuna mini takardar injin. In kun ga minti goma sha ɗaya, ku kira Deandra Mobley ku tambaye ta inda mai wanke tukwane ta samo wannan lambar. Kuma ku kira ni in zauna a ɗakin lokacin da za ta amsa.